Kawu Babba da Rufin Kwanon Ƙanensa

Kowane garin da ya amsa sunansa gari yana da alƙali da liman da sarkin kasuwa, kuma in ɗayansu ya kwanta dama, kafin a naɗe tabarmar makoki an san magajinsa. Amma a iya abin da na karanta, na allo da na boko, ban ci karo da inda aka ce wata alƙarya, ko Masar ce ko Bagadaza, ta taɓa mallakar mutumin da ya sallama rayuwarsa kacokan ga ɗanɗana mata ruwan sama ba. Illela ta mallaki guda ɗaya. Ranar Talatar nan ta kai shi makwancinsa, kuma kujerar babu mai nema. Kawuna ne, wan mahaifiyata, wanda muke ce wa Kawu Babba don a rarrabe shi da ƙanensa, Kawu Ƙarami. Allah ya jiƙansa, ya yafe masa abin da muka sani, da wanda muka yi kamar ba mu sani ba.

Na ɗauki alƙalami ne don kada a manta da shi. Ko kuwa, in za a bi gaskiya, don kada a tuna da shi irin tunawar da na ji ana yi a zauren makoki. Babu mai wanki irin mutuwa: mutum ya tsufa da dauɗar hali, rana ɗaya ta fito da shi fari sol. Mutanen da suka laƙaba masa Alƙalin Hadari, masu tare shi a kasuwa su tambaye shi ko ruwan jiya ya ji gishiri, su ne suka cika zaure suna kaɗa kai. Sarkin fawa ya ce an yi rashin masani. Shi ne kuwa ya taɓa miƙa masa ruwan wankin tumbi a ƙoƙo, ya ce ya faɗa masa na wace damina ne. Wani falke daga Ƙonni ya ce har can ƙasar Faransa ana labarin marigayi. Ana yi ɗin, bai dai faɗi cewa sai an gama cin tuwo ake farawa ba, don kada wani ya ƙware. Liman, bawan Allah, ba ya son ƙarya, kuma ba ya son ɓata wa masu gida rai. Ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya ce marigayi bai taɓa cutar kowa a ciniki ba. Aka ce haka ne. Haka ɗin ne kuwa, bai taɓa ciniki ba. A cikin gida mata na kuka, kowace ido ɗaya na zubar da hawaye, ɗayan na duba wace randa za ta faɗo mata cikin randunan mamaci.

Wanda ya fi kowa kuka shi ne Kawu Ƙarami, babban falken fata da kanwa tsakanin nan da Ƙonni. Yana zaune tsakiyar zauren gidan gado, hawaye har gemu, duk wanda ya ce masa ya haƙuri sai ya ce, “Yayana ya tahi ya bar ni.” Babu wanda ya tuna masa cewa rabon yayan nasa da taka wannan zauren tun ina ɗan makaranta, ga shi yanzu ni ke koyar da ’ya’yan waɗanda muka yi karatu tare. Ba mantawa aka yi ba. Ladabi ne, wato ƙarya mai babbar riga.

Gidanmu gidan aikin sarauta ne. Daga Sakkwato aka turo kakanmu ya zama malamin hakimi, kuma kowa ya zaci ɗansa na fari zai gaje shi. Ɗan ya ƙi. Ya bar wa wasu gonarsa ta Darna suna noma masa, ya bar wa ƙanensa gidan gado da tsohuwarsu a ciki, ya koma bakin gari ta hanyar Kalmalo ya yi ɗaki guda, wai hayaƙin murhu da ganyen itatuwa suna ɓata ruwa kafin ya iso ƙasa. Akwai kurna a filin, mai inuwa da ’ya’ya. Ya sa aka sare ta. Abin da ya cika gidan randuna ne da tuluna, kowane da faifai a baki da dutse a kan faifan, har baƙo kan rasa inda zai ajiye ƙafa, wanda ina jin shi ne manufar.

In hadari ya haɗo, sa’ad da masu hankali ke kwashe shanya suna shiga ɗaki, shi lokacin yake fitowa. Ya kafa sanduna huɗu, ya ɗaura farin ƙyalle a kai, ya tara ƙwarya a ƙasa. Ruwan indararo bai ɗauke shi ruwa ba, yakan ce wannan miyar soro ce. Ƙwarya ta cika ya ɗiba da ludayi, ya kurɓa, ya rufe ido, ya juya shi a baki kamar mai neman ƙaya a kifi, ya tofar, sannan ya yanke hukunci ko da babu mai saurare. Ruwan farko na bazara ya ce wankin sama ne, ba a sha. Ruwan tsawa yana da kaifi a gefen harshe. Ruwan marka, wanda ke sauka a hankali bayan sama ta gama wanke kanta, shi ne sarkin ruwa, shi kaɗai ake ajiyewa.

Yana da kayan aiki kuma. Yakan jiƙa soɓorodo ya tace, ya jera ƙoƙuna, ya ɗiga jan ruwan a kowane. A ruwan tsamiya sai ya yi ja zur. A ruwan kanwa ya rikiɗe ya yi duhu kamar an zuba baban rini. A ruwan rijiyoyinmu masu zartsi ya dushe. A ruwan marka kuwa ya tsaya da jansa. Abin gwanin kallo ne, kuma da ya tsaya nan da ya mutu da mutuncinsa, mutum mai wasa da launi. Bai tsaya ba. Daga jan nan ya gina mazhaba sukutum: ruwan sama ya yi tsami, a zamanin iyayenmu ba haka yake ba, kuma ya fara ne shekarar da Nasara suka bi daji suna kakkafa alamun iyaka tsakaninmu da Ƙonni. Hujjarsa ita ce maganar da kowa ke yi, ruwa ba ya tsami banza. Kowa na faɗinta a kan sha’anin mutane, shi ya ɗauke ta rahoton yanayi. In ka tambaye shi wa ya ɗiga wa ruwan zamanin iyayenmu soɓorodo har aka san bambancin, sai ya dube ka irin duban da ake yi wa akuyar da ta shigo masallaci.

Har aike ya taɓa yi Ƙonni a kawo masa ruwan can, don ya gwada na Ingilishi da na Faransa. Hadari ɗaya ne ya zubar da su, ya taso daga gabas ya ratsa iyakar bai tsaya an duba kayansa ba. Kawu ya kurɓi wannan, ya kurɓi wancan, ya ce na Faransa ya ɗan fi rashin kunya.

To, ana cikin haka Kawu Ƙarami ya yi arziki, kuma arzikin ya kai matsayin da sai an gan shi daga nesa. Ya yi oda aka ɗauko masa kwanon rufi a kan raƙuma tun daga inda jirgin ƙasa ya tsaya, zai rufe turakarsa. Illela ba ta taɓa ganin irinsa ba. Mutane suka zo daga Darna da Kalmalo suna shafa shi, falle-falle masu sheƙi, da tudu da kwari kamar kuyyar gona. Aka kira wani magini daga Tozai, gwanin soro ne na gaske, amma bai taɓa riƙe kwano ba. Aka tambaye shi ko zai iya, ya ce ƙusa ƙusa ce, duk inda ta fi zama daram nan ake buga ta. Ina hutun makaranta, ina cikin ’yan kallo a ƙofar gida, sai ga Kawu Babba da sandarsa.

“Mi na na wanga?” in ji shi, yana ƙwanƙwasa falle ɗaya.

“Kwano na, Yaya. Ba shi son yaɓe, ba shi zuba. Irin nai na bisa ɗakin Bature can Sakkwato.”

“Ƙarhe na?”

“Ƙarhe na.”

“To ruwa na cin shi. Ruwan yanzu da tsami. Ka bar hauya waje damina guda ka gani.”

“Wanga ba hauya ba na, Yaya.”

“Ubanka cikin soro yam mutu, ruwa bai taɓa shi ba. Kai ka ɗauko abincin ruwa ka aza bisa kanka.”

Da ƙanen ya yi shiru da an wuce wurin. Amma ga jama’a, ga raƙuma, ga kwano na walƙiya, kuma mai sabon arziki bakinsa ba ya son zama a rufe.

“Yaya, kowa da abin da Allah yab ba shi. Ni yab ba ni abin ruhe ɗaki, kai yab ba ka halshe.”

Aka fashe da dariya, har maginin da ke bisa tsani. Kawu Babba ya saba a yi masa dariya a kasuwa, wannan yana ɗaukarta hassadar jahilai. Amma a ƙofar gidan ubansa, daga bakin wanda ya goya a baya, wannan wani abu ne daban. Ya ja da baya har ya fita daga inuwar zaure, ya ɗaga sandar.

“Na rantse da wanda ka saukar da ruwa, ƙahwata ba ta ƙara taka gidan ga sai ran da ɗakin ga yay yi yoyo.”

“Allah shi ba ka yawan rai, Yaya,” in ji ƙanen, “don za ka buƙace shi.”

Abin da duk su biyun suka manta, ko suka ga bai kai a tuna ba, shi ne uwarsu tana cikin gidan. Kakata ke nan. Ƙafafunta sun riga sun daina ɗaukarta, kuma ta ce ɗakin da mijinta ya ajiye ta, daga shi sai kabari. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Kawu ya tashi rantsuwa, bai sami abin jinginarwa ba sai ƙafar.

Ɗakin Kaka yana jingine da katangar lungu, da ’yar taga can sama wadda ko kan kyanwa ba zai shige ba. Kowace safiya masu wucewa kan ga dattijo da gemu ya durƙusa a lungu yana fuskantar bango.

“Inna, ina kwana.”

“Lahiya lau,” in ji murya daga ciki. “Ƙohwa na nan inda ubanka yab bar ta.”

“Ina gajiya, Inna.”

“Gajiya ku na, kai da ƙanenka.”

Haka kullum, ba ragi. Ni da nake jikanta, abokin wasanta, takan ja ni kusa ta ce, “Miji, ka ga rabona. Na haihi maza biyu, ɗaya na lasar sama, ɗaya na ruhe ta.” Ta yi dariya, sannan ta tambaye ni ko ya rame, don ita muryarsa kawai take ji.

A makarantar Sakkwato malaminmu Bature yana da wata ’yar takarda shuɗiya, in an tsoma ta a abu mai tsami sai ta koma ja. Shi ya koya mana cewa ruwa in ya baro gajimare yana haɗiyar wani abu daga iskar da wuta da numfashi ke fitarwa, da abin da walƙiya ke ƙonawa a sama, shi ke ba shi ɗan tsami, kuma haka yake tun ran da aka halicce shi. Ya ce a manyan biranen ƙasarsu, inda hayaƙin gawayin ƙasa ba ya yankewa, tsamin kan yi ƙarfi har ya ci dutsen gini da ƙarfe. Amma irin garuruwanmu, da hayaƙinsu bai wuce na murhu da maƙera da ƙunar daji ba, tsamin bai kai a kira shi tsami ba, ga shi kuma an shafe kwano da wani ƙarfen da ke kare shi. Da hutu na kawo wa Kawu Babba guntun takardar, da darasin gaba ɗaya.

Ya tsoma ta a ruwan marka. Ta ɗan juya, ba ja sosai ba, kamar mai jin kunyar surukai. Na faɗa masa zancen biranen hayaƙi. Ya daɗe yana kallon takardar.

“Nasara sun amsa laihinsu,” in ji shi.

“Kawu, da saura. Malamin ya ce namu na nan bai kai ya ci kwano ba, ko da za a shekara…”

“Malamin boko, an tambaye ka?”

Ya soke takardar a naɗin rawaninsa ya nufi kasuwa. Rabin darasin da ya yi masa daɗi ya zaga Illela kafin la’asar. Ɗaya rabin har yau yana wurina, babu wanda ya nema. Tun daga ranar ya ƙara maƙera cikin masu laifi, kuma da motar farko ta fara zuwa daga Sakkwato, sai da ya tsaya a bayanta yana shinshina hayaƙin, ya shaida wa direban cewa shi zai kashe gero a ƙasar nan. Direban ya ce masa sannu, Baba.

Ya kuma tsinci wani guntun kwano da maginin ya yar a juji, a waje da gida, don haka rantsuwa ba ta taɓu ba. Ya jiƙa shi a kasko cikin ruwan sama, yana dubawa duk Juma’a bayan masallaci. Tsatsa ta ɗan kama bakin da aka yanke, ta tsaya nan. Duk baƙon da tsautsayi ya kai gidan sai an nuna masa wannan tsatsar, kamar ana nuna ɗan fari.

Shi ma Kawu Ƙarami bai zauna banza ba. Duk damina in an tambaye shi labarin rufi a kasuwa, yakan ɗaga murya yadda za ta kai kunnen da ake nufi: “Mai ɗaki shi ka sanin inda ɗaki nai ka yoyo, ni kau ban san ko’ina ba.” Turakar ba ya barin kowa ya leƙa sai matarsa, aka ce dukiya yake ɓoyo. Yana fama da tari duk damina, ya ce ƙurar fata ce. Matar kuwa ta yi suna wajen son tasoshi da ƙorai, in falke zai tafi Ƙonni sai ta ba da saƙo, in damina ta kama har aro take bi gida-gida. Mata suka ce rowa ce da haɗama. Illela ba ta taɓa rasa bayani a kan abin da ba ta sani ba.

Kada a ce ban faɗi alherin Kawu Babba ba, yana da shi, ko da yake a tulu ɗaya yake. Ruwan rijiya mai zartsi yana ɓata wa Kaka ciki. Duk shekara Kawu Babba kan ware mafi kyawun ruwan marka, ya tace, ya rufe, ya riƙa ɗauko tulu a kafaɗarsa, shi da kansa, daga bakin gari har ƙofar gidan gado. Ya dire shi dab da dokin ƙofa, ta waje, ya yi sallama a ɗauka. Rani da damina Kaka ba ta sha wani ruwa ba sai nasa. Mai jego ko mai ciwon ido in ta aika ba ya hanawa, sai dai ɗan aiken ya tsaya ya ji tarihin iyaka tukuna. Na sha ganinsa yana tafe da tulun nan yana nishi, gumi na bin wuyansa, in ce a raina ga mutumin da zai iya ɗaukar wa uwarsa kogi, amma ba zai iya ɗaga ƙafa ya tsallake itace guda ba.

Ciwon ajali ya kama Kaka tsakiyar marka. Ruwa ya kwana ya wuni yana zuba, ta ce a kira mata babban. Aka kira shi, ya zo ya tsaya a ƙofar zaure, ruwa na bin rawaninsa. Mahaifiyata ta fito tana roƙonsa da kuka. Liman ya zo da kansa ya ce masa addini ya yi sauƙi, rantsuwa irin wannan ana warware ta, ya shiga ya ga uwarsa, daga baya ya ciyar da miskinai goma, shi ke nan.

“Allah shi gafarta malam,” in ji Kawu, “in na yi kaffara, na ce kwano ya yi gaskiya.”

“Kwano ba shi shiga aljanna, ba shi shiga wuta. Uwarka ta ka kira.”

Kawu ya ƙura wa ƙofar ido. Ina jin a ranar ya so ya shiga, kuma abin da yake nema bai fi a miƙo masa ’yar igiya ya kama ba. Sai ga ƙanensa ya fito daga cikin gida, ya tsaya ta cikin zaure, dokin ƙofa a tsakaninsu. Kawu Babba ya dube shi, muryarsa ta yi ƙasa.

“Ruwan ga ya yi yawa. Ko ɗigo guda bai sauka ba?”

Ƙanen ya dubi liman, ya dubi mutanen da suka fake a zaure suna jiran amsa.

“Busasshe na, Yaya. Ƙamas.”

Kawu Babba ya juya ya shiga lungu, ya durƙusa cikin taɓo a gindin tagar, yana kiran Inna. Waɗanda ke ɗakin sun ce ta ji shi, ta ce a gaya masa ƙofa na nan. Kafin azahar Kaka ta cika. Da aka fito da ita ya bi gawa har maƙabarta yana kuka, jama’a suka yaba da irin son da yake yi wa uwarsa.

Bayan wannan babu abin da ya sauya, wanda shi ne abin da ya fi ba ni haushi. Na zaci ko kunya za ta kama ɗayansu. Ba ta kama kowa ba. Babban ya ci gaba da tara ƙwarya, ƙaramin ya ci gaba da tari. Sukan haɗu a masallacin Juma’a su gaisa da kan yatsu. Duk ƙarshen damina Kawu Babba kan bi ta bayan gidan gado, ya ɗaga kai ya dubi rufin da ke leƙowa ta saman katanga, ya ce baɗi ne.

Da ciwo ya kwantar da shi farkon daminar nan na zo daga wurin aiki na same shi tsakanin randunansa, ya zama kamar kara. Bai tambayi iyalina ba.

“Ka biyo ta can?”

“Na biyo, Kawu.”

“Mi kag gani?”

“Kwanon yana nan yana sheƙi.”

“Ta ciki shi ka ci,” in ji shi. “Bana za shi.”

Kawu Ƙarami ya zo dubiya sau ɗaya, don shi ba rantsuwa a kansa, girman kai ne kawai, shi kuwa ana iya ajiye shi a ƙofa na ɗan lokaci kamar takalmi. Ya tsuguna ya ce, “Yaya, ya jiki?” Mara lafiya ya buɗe ido ya ce, “Ya kwano?” Aka ce masa lafiya lau. Iyakar abin da ’ya’yan mace ɗaya suka ce wa juna ke nan a bakin kabari. Da Kawu Babba ya cika aka yi masa wanka da ruwan markar bara, daga randar da ya fi ji da ita, aka sallace shi a filin ƙofar gidan gado. Ko gawar ba ta shiga ba. Mutane suka ce ya cika alkawari, kamar an ce ya gina masallaci.

Allah ya sa ya huta, ya haɗa shi da uwarsa a inda babu katanga, ya shayar da shi daga Alkausara, wanda na tabbata sai ya kurɓa ya rufe ido kafin ya yarda ya haɗiye. Mu kuma Allah ya kyautata namu zuwan, ya raba mu da gaskiyar da za ta fi mana iyayenmu.

Ranar sadakar uku, bayan la’asar, hadari ya haɗo daga gabas. Masu ta’aziyya suka cusu a zaure. Falken Ƙonni ya ce sama ma kukan marigayi take yi, aka ce haka ne. Na shiga cikin gida in ga abin da ya tsai da gumbar sadaka, na tarar mata na neman abin zubawa, a gidan da ya fi kowane gida a Illela yawan tasoshi. Sai na ga matar Kawu Ƙarami, ta tsufa yanzu, ta ranƙwafa, tana yafito ni daga ƙofar turaka.

“Ɗan nan, zo ka kama mini. Bayana ya ƙi.”

“Turakar Kawu?”

“Shi yana can yana kuka. Shigo.”

Na shiga. Sama kwano na ruri, ƙasa kuma wani kiɗa ne daban. Tasoshi da ƙorai da kasake ne jere sahu-sahu daga bango zuwa bango, kowanne da ɗigon da ke sauka cikinsa. An tura gado kusurwa guda, an ɗaura fatar bijimi a samansa. Daɓen ɗakin ya rarake layi-layi, irin rarakewar da ba a yi ta a damina ɗaya ko biyu. Ta nuna mini wata babbar tasa da ta cika, muka kama, muka zubar ta bayan ɗaki, muka mayar.

“Yaushe ya fara?”

“Mi?”

“Yoyon.”

“Tun ruwan hwarko da anka yi bayan an ruhe shi.”

“Ranar da Kaka ta rasu fa?”

“Ran nan har kaskon tuya munka tara,” in ji ta, ta jawo wata ƙwarya da ƙafa ta daidaita ta da ɗigo.

Kafin in fita na ɗaga kai na dubi rufin da kyau. Ruwa bai ci kwanon ba ko kaɗan. Maginin Tozai ne ya buga ƙusoshin a cikin kwari, inda ruwa ke bi, maimakon a kan tudu.